Yadda Aka Sayar da Muryata a Birnin Sanduma

Ku matso, ku gyara zama, ku bar wa mai zuwa daga baya gefen tabarma. Ni ne Tunau ɗan Jatau, wanda ya ci tuwon ƙasashe goma sha ɗaya, ya sha ruwan koguna bakwai, ya taka ƙasar da ba a taɓa jin sunan garinmu ba. Abin da na gani zan ce na gani, abin da na ji zan ce ji na yi, abin da hannuna ya aikata kuwa ba zan ɗora wa kowa ba.

Asalina magatakardan alƙali ne. Na yi shekara tara ina rubuta hukunci, har na lura dokokinmu sun tsufa sun yi ɓula kamar tsohuwar taska. Sai na ɗaura niyyar yawon duniya, in kwafo dokar kowace ƙasa, in kawo gida a zaɓi ta kirki. Na sayi raƙumi mai farin tabo a wuya, na rataya gafaka, na kama hanya. Duk ƙasar da na sauka sai na zauna da malamanta na rubuta, har gafakar ta yi nauyi.

A wani zango na haɗu da wani bafatake mai gishiri. Da ya ji abin da nake nema ya ce, "Malam, ai ba ka ga doka ba sai ka je Sanduma. Can an ɗaure hannun hukuma kanta a kan sirrin talaka. An rubuta a kan tagulla, an kafe a ƙofar gari."

Na ce, "Ka gani da idonka?"

Ya ce, "Tagullar dai na gani."

Ban tsaya auna maganarsa ba, na miƙe. Na yi kwana arba'in cikin dajin da itatuwansa ke juya wa rana baya. Na ƙetare Tafkin Toka a bayan wata kififiya, wato kunkurun ruwa, mai girman zaure, ni da raƙumina, muna tsaye ba mai motsi. A bayan tafkin wasu kuraye masu tafiya da ƙafa biyu suka biyo sawuna da sansane. Da na ga sun matso, na kwance ƙullin daddawar guzurina na shafe wani gungume da ita, na tura shi cikin rafi. Suka bi warin suka yi gabas da gudu, ni na yi yamma. Ranar da ta cika kwana sittin, da hantsi, na hango ganuwar Sanduma.

Bafataken bai yi ƙarya ba. Faranti huɗu na tagulla suna kafe a jikin ƙofa, an goge su suna ɗaukar ido. Na tsaya na karanta. Na farko ya ce duk abin da mutum ya faɗa wa hukuma game da kansa amana ne a wuyanta. Na biyu ya ce ba a buɗe shi sai da yardar mai shi ko umarnin alƙali. Na uku ya ce in ya fita, ko da ganganci ko da sakaci, hukuma ce mai laifi, kuma a tuɓe wanda aka ba tsaro. Na huɗu ya ce duk wanda aka kama da sirrin da aka ajiye, a hukunta shi. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Na zaro alƙalami na kwafe su a tsaye.

To, ga yadda suke ajiyar. Yumɓun ƙasar yana riƙe magana kamar yadda tulu ke riƙe ruwa. In ka yi magana a cikin tulunsu aka toshe da kakin zuma, ko bayan shekara hamsin aka buɗe, muryarka za ta fito, kuma ba ta ƙarewa. Kowane mutum a birnin, ɗan gari da baƙo, yana da tulunsa a wani gida da ake kira Gidan Amana. Da shi majalisar da ke mulkin garin take sanin wa za a ba hatsi lokacin yunwa, wa za a ba magani, wa ya gaji wa. Ban ga aibu a ciki ba.

Malamin ƙofa ya miƙo mini sabon tulu, ya juya baya, yana jefo tambayoyi ina amsawa a ciki. Na faɗi sunana da na mahaifiyata, sunan da ko a gida ba na ambata. Na faɗi tabon raƙumina da abin da ke cikin gafakata. Da ya tambayi lahani, na ce idona na hagu ba ya gani tun da agana ta kama ni ina ƙarami, duk da ba mai ganewa. Aka toshe tulun a gabana.

Malamin ya ce, "Masaukai sun cika, sai gidan Hakama. In ba ka da ƙyama."

Ban gane nufinsa ba sai da na je. Gida ne babba mai ɗakunan baƙi takwas, duk a buɗe, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ƙofofinsu. A tsakar gida ga manyan tanda uku na waina a kife. Hakama dattijuwa ce doguwa, mai kaifin ido. Ta kawo mini tuwo da miyar kuka, ta ajiye, ta ja da baya tana kallona. Na ci na side kwano.

Ta ce, "Baƙo, ba su gaya maka ba?"

Na ce, "Me za su gaya mini, Inna?"

Ta zauna a kan turmi ta ba ni labari. Farfaɗiya take da ita. Takan zo mata sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma tana jin alamarta, sai ta shige ɗaki ta rufe. Shekara ashirin ba wanda ya sani, tana sayar da wainar da ake layi a kanta tun daga bakin titi. Ta faɗa wa tulu ne don an ce hukuma za ta riƙa ba ta magani. Bara, wata ranar kasuwa, ta ji muryarta tana tashi daga wata rumfa, tana bayanin yadda kumfa ke fito mata a baki. Mutanen garin sun ɗauka ciwon ana ɗaukarsa a abinci. Cikin mako guda gidan ya zama kufai. Yanzu da jaki da amalanke take kwashe fasassun tuluna daga Gidan Amana tana zubarwa a bakin kogi, da haka take ci.

Na ce, "Inna, ai akwai doka! Da hannuna na kwafe ta!"

Ta ce, "Akwai. Kullum da safe ana goge ta da tsamiya."

Kwanana huɗu a garin na je turken da na bar raƙumina. Mai tsaro ya dube ni sama da ƙasa ya ce ai jiya na zo na karɓa. Wani ne ya zo da amawali a fuska, ya faɗi sunana, ya faɗi na mahaifiyata, ya faɗi tabon wuya. Na juyo na kama hanyar masauki. Ban yi taku ɗari ba na ji an fizge gafakata ta ɓangaren hagu, inda ba na gani. Kafin in juya kaina, ko ƙurar ɓarawon babu. Dokokin ƙasashe goma sha ɗaya, aikin shekara shida, sun tafi.

Da na koma na gaya wa Hakama, ta yafa gyale ta ce in biyo ta. Ta kai ni can ƙuryar kasuwa, wani layi da ake kira layin 'yan murya. Rumfuna ne jere, an rataye ƙananan kurtu kamar na tawada, kowanne an tsiyayo muryar wani daga tulunsa an zuba. Masu neman wanda za su cuta suna saye, masu gaba da maƙwabci suna saye, 'yan zaman banza suna saye don nishaɗi. Dogaran gari biyu na zaune a gefe suna cin gyaɗa.

Wani mai rumfa ya ɗaga kurtu yana kira, "Ga na baƙo, sabo fil! Mai ido ɗaya, ɗan ƙasar nesa!" Ya zare toshiya. Sai ga muryata, tana faɗin sunan mahaifiyata a tsakiyar kasuwa. Wasu samari suka kama sunan suna rerawa suna tafi. Wani ya rufe ido ɗaya yana tafiyar kaguwa. Na dafa ginshiƙi na yi amai a kwata. Da na ɗago, mai tsiren da ke kusa ya naɗe wa wani nama a takarda, na ga rubutun hannuna a jikinta, mai ya jiƙa shi. Dokar gadon ƙasar Barmanda ce, wadda na yi wata uku ina kwafa.

Na tuɓe rigata ta sama na ba mai rumfar, ya ba ni kurtun. Washegari na tsaya gaban Alƙali Buwai, wani mai ƙiba mai taushin murya, na zayyana masa komai, na karanto masa farantan tagulla uku da ka.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla da baƙon da ya san dokarmu. Sai dai kafin a kama hukuma da laifi, dole a tabbatar an ɓalle kakin tulunka. Ba kuwa mai ikon shiga ya duba sai Ma'aji Kwasau, mai tsaron Gidan Amana."

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ai shi nake ƙara."

Ya ce, "Shi ya sa za a tambaye shi."

Aka aika. Kafin a yi azahar manzo ya dawo ya ce Ma'aji ya duba, kaki lafiya lau. Na fito da kurtun na zare toshiya, muryata ta cika zauren shari'a. Alƙali ya saurara har ƙarshe, ya ce a sake, ya kuma saurara. Sa'an nan ya ce, "Ka karanto faranti uku, ka tsallake na huɗu. Wannan sirri ne da aka ajiye, ga shi kuma a hannunka."

Na ce, "Muryata ce!"

Ya ce, "Tun da ta shiga tulu ta zama ajiyar hukuma. Kwana arba'in na aikin ƙarfi a Gidan Amana."

Da haka na shiga inda aka ce ba mai shiga. Jama'a, na ga juji a ƙasashe da yawa, ban ga kamar wannan ba. Rufin ya rufta ta gefe guda, ruwan sama ya taru ya yi kore. Tuluna dubbai suna zube a ƙasa, awakin Ma'aji na hawa kansu. Kakin da aka toshe su da shi masu gadi sun ɓamɓare suna yin kyandir. Duk gidan gunaguni ne ke tashi, muryoyin mutane suna tsiyaya, wannan na faɗin ciwonsa, waccan na faɗin cikin da ta yi ɓari. Na ga mai gadi ya jawo tulun wata tsohuwa ya zauna a kai yana yanke farce. Na ga wani yana tofa tuƙar goro a cikin na wani. 'Yan murya kuwa ta babbar ƙofa suke shigowa da kurtunansu, a gaisa da su, a tambaye su iyali.

Aikina shi ne ɗauko tulu in an kira suna, da loda fasassu a amalanken Hakama kowace la'asar. A nan muke samun mu yi magana kaɗan. A nan kuma na gane tulunan 'yan majalisa ma suna cikin gidan, a kan wani dandamali, su kaɗai ne kakinsu bai taɓu ba.

Kowace Alhamis Ma'aji Kwasau yakan yi walima da rana a farfajiya. In an ci an ƙoshi, sai a ce a kawo abin dariya, a ɗauko tulun wani talaka a buɗe. Alhamis biyu ina ɗauko musu. Babban baƙonsu shi ne Galadima Nomau, shugaban majalisa, wani tsoho mai farin gemu, wanda hatiminsa ke ƙasan farantan nan huɗu. Shi ya fi kowa dariya, har yana share hawaye da hannun riga.

Ranar Laraba na ce wa Hakama, "Inna, gobe ki zo da wuri, ki sa fasasshiyar randar nan babba a amalanke."

Ta dube ni ta ce, "Me za ka yi?"

Na ce, "Zan sa su ji abin da kika ji."

Ta kaɗa jakinta ta tafi.

Alhamis ta zo. Aka ci rago, aka sha fura. Ma'aji ya yi gyatsa ya ce, "Kai mai ido ɗaya, kawo mana na wanzamin nan mai tsoron jini." Na shiga, na haura dandamali, na ɗauko tulun Galadima, na shafe sunan da laka, na kawo. Ma'aji da kansa ya sa wuƙa ya ɓalle kakin.

Murya ta fito, ta tsoho, ƙasa-ƙasa, tana rawa. Ta ce wani farin tabo ya fito masa a cinya, ba ya jin zafi ko an tsikare shi, yana tsoron kuturta ce. Ta ce ya daina ɗaukar jikokinsa, suna kuka suna cewa kaka ya daina son su. Ta ce in ta tabbata, yana roƙo kada a kai shi bayan gari.

Aka fashe da dariya. Wani ya lanƙwashe yatsu yana kwaikwayon kuturu. Ni ma, da ke tsaye a bayan ginshiƙi, na ji dariya ta kufce mini, mai daɗi, har cikin ƙirjina. Sai dariyar ta fara mutuwa daga gefe guda, domin na kusa sun gane muryar. Na ga mutumin da ke zaune dama da Galadima ya janye kwanonsa a hankali. Na hagu ya tattare rigarsa. Tsohon bai yi ihu ba. Ya dubi hannayensa, ya sa su cikin riga.

Ma'aji ya faɗi ƙasa yana cewa, "Ranka ya daɗe, tuba nake! Ranka ya daɗe!" Sa'an nan ya miƙe yana kururuwa a rufe ƙofofi, a kamo mai ido ɗaya.

Kafin nan na zaga ta baya na faɗa cikin randar, Hakama ta lulluɓe ni da fasassun tuluna. Muka fita daga Gidan Amana lafiya, amma a ƙofar gari dogarai suka tare ta, suka ce sai an sauke kaya duka. Ina jin takunsu. Sai na ji ta ce da wata irin murya, "'Ya'yana, ku yi sauri, jikina ya fara ba ni alama. Wani ya riƙe ni." Ta fara buga haƙora. Wallahi kamar an jefa maciji a tsakaninsu, suka watse suna toshe hanci, suna cewa ta wuce, ta wuce. Jaki ya ja.

Ta ɓoye ni a wata tsohuwar bukkar masunta a bakin kogi. Kwana uku tana kawo mini abinci in ta zo zubar da kaya. A rana ta uku ta zo da labari. Majalisa ta zauna cikin gaggawa. An kafe faranti na biyar a ƙofa, ya ce a gina ɗakin ƙarfe mai makulli bakwai, a sa tulunan 'yan majalisa da iyalansu. Ma'aji Kwasau an tuɓe shi daga Gidan Amana, an ba shi kula da rumbunan hatsi. Ƙaninsa ya gaje shi. Galadima Nomau kuwa an ce ya tafi hutu a gonarsa, ba wanda ya raka shi. Kurtun muryarsa shi ake rububi yanzu a layin 'yan murya.

Na ce, "Sauran tulunan fa? Naki fa?"

Ta ce, "Suna nan inda ka bar su. Jiya akuya ta haihu a kan wasu."

Na tofar da yawu. Na ce ta biyo ni, mu ƙetare, a ƙasar gaba ba wanda ya san ta, ta kafa tandarta. Ta girgiza kai ta ce a Sanduma aka binne uwarta, ba za ta bar wa 'yan murya garin ba. Ta riga ta shirya da wani masunci zai ƙetarar da ni. Ta miƙo mini ƙullin waina, ta ce rabonta da soyawa shekara guda.

Na sa ƙafa ɗaya a kwalekwale, sai ta ce, "Malam Tunau, in tambaye ka. Lokacin da muryar tsohon ta fito, ka yi dariya?"

Na so in ce a'a. Na dubi ruwa na ce, "Na yi, Inna."

"Ta yi daɗi?"

Na ce, "Ta yi."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Haka ta yi musu ranar tawa." Ta juya ta kama linzamin jakinta, ta hau tudu, ba ta waiwayo ba.

Masuncin ya tura kwalekwale. Har muka kai tsakiyar kogi ƙullin wainar na kan cinyata da ɗuminsa, na kasa kwancewa.

Iyakar abin da ya same ni a Sanduma ke nan. Na faɗe shi da bakina, ban rage nawa laifin ba. Ku tashi lafiya.